Yadda Ake Hana Sarƙa Fita a Keke Mai Faranti Ɗaya a Gaba

Keke mai faranti biyu ko uku a gaba, wato faifan haƙoran da feda ke juyawa, yana da wani ɗan ƙarfe da ke rungume da sarƙa, wanda ke tura ta daga wannan faranti zuwa wancan. Ba kowa ke lura da cewa aiki biyu yake yi ba: yana sauya giya, yana kuma tare sarƙa duk sanda ta yi tsalle. Ranar da aka kwance shi aka bar faranti ɗaya, keke ya rage nauyi, waya ɗaya ta ragu, amma mai gadi ya tafi. Shi ya sa wanda ya sayi keke na hannu mai faranti uku ya mayar da shi faranti ɗaya yakan tarar da sarƙa tana fita a ramin farko da ya faɗa.

Masu kekunan hawan dutse sun daɗe suna fama da wannan kafin kamfanoni su samo bakin zaren. A 2011 Shimano ya fito da direla mai kuloci, wato ƙarfen sauya giya na baya wanda hannunsa ba ya lilo. A 2012 kuma SRAM ya fito da tsarin XX1, faranti ɗaya a gaba da giya 11 a baya, tare da faranti mai haƙora iri biyu, siriri da mai kauri. Waɗannan biyun su suka sa faranti ɗaya ya zama ruwan dare. Amma kada ka ɗauka sayen su kaɗai ya wadatar. Sarƙa ba ta fita sai ɗaya daga abubuwa uku ya faru: ko ta yi sako-sako, ko ta shigo faranti a karkace, ko haƙoran sun daina riƙe ta. Aikinka shi ne gano wanne ne a naka keken, kafin ka kashe ko sisi.

Fara da kallo

Idan ta fita, kada ka yi saurin mayar da ita. Duba ta wane gefe ta faɗa, ka kuma tuna abin da kake yi a lokacin.

Idan ta faɗa ciki, tsakanin faranti da firam, kana kan babbar giyar baya, wato mai haƙora mafi yawa, zargi layin sarƙa, wato nisan faranti daga tsakiyar firam: farantin ya yi waje da yawa. Idan ta faɗa waje, ta gefen feda, kana kan ƙaramar giya, ko dai farantin ya yi ciki da yawa ko sarƙar ta yi tsawo. Idan a kan gargada take fita kana gangarowa ba ka taka feda, matsalar lilo ce, wato kuloci ko tsawon sarƙa ko firiwil, abin da ke barin tayar baya ta juya ba tare da feda ba, ya yi nauyin juyawa. Idan kuwa sai ka miƙe tsaye ka danna feda da ƙarfi take fita, to haƙora sun cinye, ko faranti ya lanƙwashe, ko boris ɗin kuranki, wato hannayen da feda da faranti ke jikinsu, ya yi wasa. Akwai kuma wadda ke gangarowa daga babbar giyar baya zuwa ƙanana idan ka juya feda baya. Ita ma layin sarƙa ne.

Kayan aikin ba su da yawa: alanki masu lamba 2 zuwa 6, sukurudireba, rula ta ƙarfe mai milimita, abin yanka sarƙa, filaya, tsumma da tsohon buroshin haƙori. Ka rataye keken ko ka kifa shi yadda tayar baya za ta juya.

Auna sarƙar tukuna

Tsakanin kowane fin na sarƙa da na kusa da shi rabin inci ne, milimita 12.7. Sabuwar sarƙa, idan ka ƙirga tazara 24 daga tsakiyar wani fin, za ka samu inci 12 cif, wato milimita 304.8. Ja sarƙar ta miƙe, ɗora rula, ka duba. Idan ta ƙaru da milimita 1.5, ta ci rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Sarƙar giya 11 ko 12 a nan ake sauya ta. Mai giya 10 zuwa ƙasa ana iya barinta ta kai ƙarin milimita 2.3. Idan ta kai milimita 3, ba ita kaɗai ta mutu ba, ta riga ta ci haƙoran giyoyin baya, watakila har da na faranti.

Ba ƙarfen ne ke miƙewa ba, fin da ramukansa ne ke cinyewa. Sarƙar da ta yi haka ba ta zama a gindin haƙori, sai ta riƙa hawa samansa, kuma tana lanƙwasa gefe da gefe fiye da kima. Duk gyaran da za ka yi a kanta ɓata lokaci ne.

Juya feda baya a hankali kana kallon 'yan tayoyin direla. Idan ka ga hannun direla ya yi zillo a wuri guda duk zagaye, akwai gaɓar da ta ƙage. Kama sarƙar ta gefe biyu na gaɓar, ka lanƙwasa ta hagu da dama a hankali, ka ɗiga mai. Gaɓar da ta murɗe kuwa cire ta ake yi.

Faranti

Nan ne mafi yawan masu mayar da keke faranti ɗaya suke yin kuskure: su cire babba da ƙarami, su bar na tsakiya. Wannan farantin an ƙera shi ne domin ya saki sarƙa. Duba shi da kyau za ka ga wasu haƙoran gajeru ne, wasu an fere su, a jikinsa kuma akwai 'yan ƙusoshi da tudu-tudu masu ɗaga sarƙa zuwa faranti na gaba. Abin da aka yi don ya saki ba zai riƙe ba.

Wanda ake bukata shi ne mai haƙori siriri da mai kauri a jere, wanda a kwalinsa ake rubuta Narrow Wide. Dalilinsa yana jikin sarƙar kanta. Gaɓoɓinta iri biyu ne suna bin juna, matsattsiya da faffaɗa. A farantin da aka saba, duk haƙoran sirara ne domin su shiga matsattsiyar, saboda haka a cikin faffaɗar haƙori yana da filin yin wasa. A sabon kuwa mai kauri yana cika faffaɗar gaɓa, siriri yana cika matsattsiya, sarƙa ba ta da inda za ta karkata. Haƙoran kuma sun fi tsawo. Wannan ne ya sa yawan haƙoransa kullum mai rabuwa biyu ne: 30, 32, 34, 36, 38, 40, 42. Ba za ka samu mai 33 ba.

Kafin ka saya, auna ramukan kurankinka. Mai bolti huɗu, idan daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 73.6 ne, to da'irarsa 104 ce, wadda ta fi yawa a kekunan dutse. Mai bolti biyar, milimita 64.7 na nufin 110, milimita 76.4 na nufin 130. Wasu kurankin Shimano suna da da'ira 96 da ramuka marasa tazara ɗaya, sai farantin da aka yi musu. A da'ira 104, faranti mai haƙora 32 ne ƙarami da ke hawa yadda aka saba. Mai 30 yana zuwa da zare a jikinsa, bolti ke shiga cikinsa kai tsaye. Idan kurankin naka irin mai arha ne wanda aka ƙusance farantansa ba bolti, babu dabara, sai an sauya kuranki.

Boltin da suka riƙe faranti biyu sun yi wa faranti ɗaya tsawo. Za ka ɗaure har ƙarshe, ka ji ya tsaya, alhali farantin yana motsi. Nemi gajerun bolti, ko ka cike gurbin da washa masu kauri ɗaya. Shafa ɗan giris a zaren, ka ɗaure su a gicciye, wannan sannan na daura da shi, kaɗan-kaɗan har su yi ƙarfi. Bayan hawa biyu ko uku ka sake bin su.

Yayin ɗora sarƙa, tabbatar haƙori mai kauri ya shiga faffaɗar gaɓa. Idan ka kuskure da haƙori ɗaya sarƙar za ta tsaya a saman haƙora, ba za ta zauna ba. Ɗaga ta ka matsa gaba da haƙori guda.

Yawancin irin waɗannan farantai na sarƙar giya 9 zuwa 12 ne. Sarƙar giya 7 ko 8 ta ɗan fi faɗi a ciki, tana hawa amma riƙon ba ya kai na sauran, shi ya sa wasu makanikai ke sa sarƙar giya 9 a keke mai giya 8. Sarƙar Shimano ta giya 12 da sarƙar SRAM mai shafaffen baya da ake kira Flattop kowace tana son farantin da aka rubuta ya dace da ita.

Shi ma wannan farantin yana tsufa. Kafaɗun haƙora masu kauri ne ke fara cinyewa, tun haƙorin bai canza kama daga gefe ba. Kama sarƙa a gaban faranti ka ja ta gaba: idan ta ɗago har ka hango kusan rabin haƙori, alhali sarƙar sabuwa ce, farantin ya gama. Na ƙarfe ya fi na alminiyom daɗewa nesa ba kusa ba, kuma a hanyar yashi shi ne zaɓin mai hankali, ko da ya ɗan fi nauyi.

Sai lanƙwasa. Riƙe fensir a jikin firam, bakinsa dab da haƙora, ka juya kuranki. Idan tazarar tana buɗewa tana rufewa fiye da milimita 1, akwai matsala. Kafin ka ɗora wa faranti laifi, kama hannun kuranki ka girgiza shi ciki da waje. In ka ji ƙwas-ƙwas, boris ne, gyara shi tukuna. Farantin ƙarfe ana iya miƙe shi da sifana mai buɗewa, a matse bakinta a wurin da ya karkace a lanƙwasa kaɗan-kaɗan. Na alminiyom da ya lanƙwashe sosai gara a sauya.

Layin sarƙa

Layin sarƙa shi ne nisan da ke tsakanin tsakiyar firam da tsakiyar haƙoran faranti. Faranti ɗaya ne zai yi wa duk giyoyin baya hidima, don haka wurinsa kusa da tsakiyarsu ne.

Ga yadda ake awon gaba. Auna kaurin bututun sirdi, ka raba biyu. Auna daga jikin bututun zuwa tsakiyar haƙori, ka haɗa. Misali bututu mai milimita 31.8, rabinsa 15.9, daga jikinsa zuwa haƙori 33, layinka kusan 49 ke nan. A baya kuma, cire taya ka auna faɗin da ke tsakanin ƙafafun firam, ka raba biyu. Mayar da taya, ka auna daga cikin ƙafar dama zuwa tsakiyar jerin giyoyi, ka debe daga wancan rabin. Firam mai 135, rabinsa 67.5, idan tsakiyar giyoyi tana nisan 22 daga ƙafa, layin baya 45.5 ne.

Kamfanoni sun tsayar da milimita 49 ga keken dutse mai baya 135 ko 142, da 52 ga mai baya 148 da ake kira Boost. Ka lura, lambar gaba ta ɗan fi ta baya. Sun bar wa taya mai faɗi da firam wuri ne. Bambancin milimita 3 zuwa 4 ba komai. Idan ya kai 6 ko 7, sarƙa za ta riƙa ƙara a babbar giya tana neman hanyar fita. Abin da ke yawan jawo haka shi ne sa kurankin Boost a firam da ba Boost ba, ko ɗora faranti a mazaunin waje na kuranki mai faranti uku. A irin wannan kuranki, mazaunin tsakiya ne wurinsa.

Ana matsar da faranti ciki da washa mai milimita 1 ko 2 tsakaninsa da hannayen kuranki, kowane bolti washa iri ɗaya. A kuranki mai aksul mai kai murabba'i, ana sauya aksul da gajere. Farantan SRAM masu hawa kuranki kai tsaye suna zuwa da zurfi daban-daban: na milimita 6 na firam da aka saba ne, na milimita 3 na Boost. Iyakar matsowa ciki ita ce firam: bar aƙalla milimita 3 zuwa 4 tsakanin haƙora da ƙarfen da ya tafi tayar baya, domin firam yana ɗan lanƙwasa idan an danna feda, laka ma tana son wuri.

Tsawon sarƙa

Wanda ya cire faranti mai haƙora 42 ko 44 ya bar mai 32 bai rage sarƙa ba, yana yawo da gaɓoɓin da ba su da aiki. A ƙaramar giya hannun direla zai naɗe har ƙarshe, sarƙa ta rataya. Yadda ake yanke ta:

1. Kwance sarƙa, ka zare ta daga cikin direla.
2. Naɗa ta a faranti da babbar giyar baya kai tsaye, ba ta bi ta direla ba.
3. Ja bakin biyu su haɗu, ka lura da fin ɗin da suka yi daidai, inda za a iya haɗa matsattsiya da faffaɗa. Idan bai zo daidai ba, matsa zuwa gefen tsawo, ba gefen gajarta ba.
4. Daga nan ƙara fin biyu, wato inci ɗaya, idan babbar giyarka ba ta wuce haƙora 36 ba. Idan mai 42 ce zuwa sama, ƙara fin huɗu. Mahaɗin sarƙa yana cikin lissafi, domin shi ma faffaɗar gaɓa ce.
5. Yanke yadda baki biyu za su ƙare da matsattsiyar gaɓa idan da mahaɗi za ka rufe.

Keke mai shok a baya yana da nasa sharaɗi: idan shok ya nutse, tayar baya tana nisa da kuranki, sarƙa tana bukatar ƙari. Sace iskar shok, ka danne keken har inda nisan ya fi yawa, a nan za ka yi awo, ka ƙara fin biyu. Kowane kamfani yana da takardar awon direlarsa. Idan ta saɓa da wannan, bi tata.

Kada son tauri ya sa ka gajarta fiye da haka. Sarƙar da ta yi gajarta, ranar da ka shiga babbar giya za ta fizge direla, wani lokaci har cikin sifok. Bayan ka haɗa, gwada iyaka biyu: a babbar giya hannun direla ya kasance da sauran wurin matsawa gaba, a ƙarama kuma sarƙa ba ta rataye ba, ba ta kuma gogar kanta.

Yawancin sarƙoƙin Shimano na zamani rubutunsu waje yake kallo. Don kulle mahaɗi, kawo shi layin sama, riƙe birkin baya, ka danna feda har ka ji ƙas.

Direla da kulocinta

Hannun direla sifirin ne ke jan sa baya. Idan taya ta daki dutse, nauyin sarƙa yana fizgo hannun gaba, layin ƙasa ya saki, sarƙa ta yi bulala. Wannan bulalar ce ke tafiya har faranti ta ɗaga sarƙa daga haƙora. Kuloci yana sa hannun ya yi taurin zuwa gaba, ya koma baya cikin sauƙi.

A Shimano akwai ɗan liba a jikin direla. Abin dariya, da yawa daga masu kukan fitar sarƙa libansu a kashe yake: an kashe don cire taya, an manta. Kunna shi, ka tura hannun direla gaba da yatsa. Ya kamata ka ji tauri sosai, amma yana tafiya sumul. Idan babu bambanci da lokacin da yake kashe, ya saki. Kwance murfin da alanki mai lamba 2, za ka ga ɗamarar ƙarfe da ta zagaye kuloci da abin ƙara mata ƙarfi. Juya kaɗan, kamar kwatan zagaye, ka gwada. Idan ya yi yawa sauya giya zai yi nauyi. Idan kuma hannun yana maƙalewa yana tafiya da tsalle, ɗamarar ta bushe, tana son ɗan giris a bayan gangar da take riƙe, ba a cikin gangar ba. Kulocin SRAM ba a yi shi don a daidaita ba, kuma maɓallin da ke jikin hannunsa na cire taya ne kawai.

Wanda direlarsa ba ta da kuloci bai rasa mafita ba. Microshift Advent na giya 9 da Shimano Deore M5120 na giya 10 ko 11 suna da shi ba tare da tsada mai yawa ba, sai dai kowace da irin libar hannun da ke tafiya da ita. In ba za a saya ba, a zaɓi direla mai gajeren hannu gwargwadon abin da giyoyin ke bukata. Lissafin mai sauƙi ne a faranti ɗaya: babbar giya a debe ƙarama. Mai 11 zuwa 36 tana bukatar direlar da ke kwashe haƙora 25 kacal. A kwalta da hanyar birji mai laushi, wannan da faranti mai kyau sun isa.

Tsaya a bayan keke ka kalli 'yan tayoyin direla biyu. Su kasance a miƙe ƙarƙashin giyar da sarƙa take kai. Idan sun karkata ciki, maratayin direla ya lanƙwashe, abin da faɗuwa ɗaya ta gefen dama ke jawowa. A miƙe shi ko a sauya kafin a taɓa kowane sukuru.

Sukuru mai alamar H yana hana sarƙa wuce ƙaramar giya, mai alamar L yana hana ta faɗawa cikin sifok. Na ukun shi ke saita tazara tsakanin 'yar tayar sama da babbar giya. A tsofaffin direlolin Shimano milimita 5 zuwa 6 ne. A SRAM na faranti ɗaya ya fi haka, wajen 12 zuwa 16 a mai giya 11, mai giya 12 kuma yana zuwa da ma'aunin roba. Shimano mai giya 12 yana da layi a bayan hannun direla wanda ake daidaitawa da bakin haƙoran babbar giya.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: firiwil. Juya feda da hannu taya ta ɗauki gudu, ka tsayar da feda farat ɗaya kana kallon layin sama na sarƙa. Idan ya saki ya faɗo kan firam, ko feda ta ci gaba da juyawa ita kaɗai, firiwil yana jan sarƙa gaba. Datti ne ko busasshen giris ko boris da ya lalace. A wanke a sa mai marar kauri. Kuloci ba ya maganin wannan, domin layin ƙasa kawai yake tsarewa.

Makarin sarƙa

Idan duk na sama sun daidaita kuma har yanzu tana fita a hanya mai tsananin gargada, lokacin makari ya yi. A ƙarshe ake sa shi, ba a farko ba, don idan an sa shi a kan matsalar da ba a gyara ba, sarƙa za ta fita ta cushe a ƙarƙashinsa, fitar da ita ya fi wahala.

Ƙaramin makari na sama ya ishi yawancin mutane. Duba firam ɗinka: idan akwai kunnuwa uku masu zare kewaye da mazaunin kuranki, wannan shi ne ISCG, kuma iri biyu ne, tsoho da ISCG 05, ba sa hawa juna. Idan babu, akwai mai ɗamara da ke kama bututun sirdi, a kauri 28.6 ko 31.8 ko 34.9. Saita shi da washa har sarƙa ta zauna a tsakiyarsa, kowane gefe da tazarar milimita 1 zuwa 2, sannan ka gwada a babbar giya da ƙarama ka ji ko tana gogawa. Sauko da shi yadda tazarar da ke saman sarƙa ba ta kai tsawon haƙori ba. In ta kai, sarƙa za ta ɗago ta tsallake a cikinsa.

Hanyar da ba ta cin kuɗi: mayar da tsohon ƙarfen sauya giya na gaba, ba waya. Sauko da shi dab da haƙora, ka ɗaure sukuru biyunsa har kejin ya tsaya cak da sarƙa a tsakiya. Ba shi da kyan gani, amma yana aiki. Wata dabarar ita ce ɗora zoben kariya marar haƙora a mazaunin waje na kuranki, a ciki kuma a ɗaura ɗan makari a bututun sirdi, milimita 1 zuwa 2 daga sarƙa. Tana da ƙarin riba, dogayen boltinka na asali za su yi daidai.

Keke marar giya

Kekunan da suka fi yawa a kasuwanninmu da hanyoyin gona, irin su Phoenix da Raleigh, su ma faranti ɗaya gare su, sai dai babu direla. A nan matsayin taya ne ke ba sarƙa tauri. Sassauta notunan aksul na baya, ka ja taya baya da 'yan sukurun ja da ke ƙarshen firam, hagu da dama daidai wa daida, kana duba taya tana tsakiya. Juya feda zagaye guda ka nemo inda sarƙa ta fi tauri, domin faranti ba ya cika zama da'ira cif. A wannan wurin, tsakiyar sarƙa ta iya motsi sama da ƙasa kimanin milimita 12. Ƙasa da haka tana cin boris da firiwil, fiye da haka tana fita. Ɗaure notuna da ƙarfi, ka sake gwadawa, don ɗauri yakan ja taya. A mai birkin sanda sai an sake saita birkin baya.

Idan taya ta kai ƙarshen ramin sarƙa ba ta yi tauri ba, auna ta da rula kafin ka cire gaɓa. Sau da yawa tsufa ne. Idan bambancin wuri mai tauri da mai saki ya yi yawa, duba kotafin, wato ƙusar da ke kulle kuranki a aksul, da boris na kuranki, sannan ka duba lanƙwasar faranti. Ɗora doguwar rula a jikin faranti ta nufi baya: ta sauka daidai da firiwil. Sarƙar irin wannan keke mai faɗi ce, ɗaya bisa takwas na inci, kuma mahaɗinta yana da ɗan kilif; rufaffen bakinsa ne ke fuskantar inda sarƙa ta nufa. Mai ɗaukar buhu a kariya ya riƙa duba notunan nan akai-akai, nauyi da danna feda suna jawo taya gaba ta gefen sarƙa.

Mai, ƙura da yadda ake hawa

Baƙin mai da aka juye daga inji shi ne abin da aka fi shafa wa sarƙa saboda arha, kuma shi ke kashe ta da wuri. Yana ɗauke da garin ƙarfe, yana kama yashi, da hunturu kuma ƙura ta haɗu da shi su zama abin wasa wuƙa a cikin kowane fin. Wanke sarƙa da kananzir da buroshi, bar ta ta bushe, ɗiga mai marar kauri ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, juya feda baya na ɗan lokaci, sannan ka goge bayanta da tsumma har ta daina maiƙo a hannu. Da damina kuma ka riƙa sakace lakar da ke cushewa a gindin haƙora masu kauri, domin idan ta bushe a nan tana ɗaga sarƙa.

Kafin ka shiga gangara mai gargada, koma giyar tsakiya ko wadda ta ɗan fi girma. Hannun direla ya fi jan sarƙa a can fiye da kan ƙaramar giya. Kada ka juya feda baya a cikin ramuka, kuma ka sassauta ƙafa lokacin sauya giya.

Don gwada aikinka, sa keke a ƙaramar giya, ɗaga tayar baya kamar taƙi ɗaya ka sake ta ta daki ƙasa sau da yawa, ka juya feda baya zagaye uku a babbar giya, sannan ka bi hanyar da ta saba fitar maka da ita. In ta fita a hanya, kashe kuloci, tura hannun direla gaba sarƙa ta saki, ɗora ta a haƙoran ƙasan faranti kana duba mai kauri ya shiga faffaɗar gaɓa, juya feda baya ta hau, ka kunna kuloci kafin ka hau sirdi.